Ciwon Baya Mai Sauka Hannu ko Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saiwoyin Jijiyar Laka

Waɗannan su ne tambayoyin da marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi yi a ɗakunan duba masu ciwon baya da sashen gashin ƙashi a nan Sakkwato. Wasu a gaban likita ake yinsu, wasu kuwa sai an fito an zauna kan benci ake yi wa juna. An tattara su ne don wanda za a duba ya san abin da ake nema a jikinsa.

Ƙafata ke ciwo, amma likita ya ce matsalar a baya take. Ta ƙaƙa?

Laka tana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. A tsakanin kowane ƙashi da na ƙasansa akwai 'yar ƙofa dama da hagu, ta nan jijiya ke fitowa. Wurin fitowar shi ne saiwar jijiyar. Kowace saiwa tana da ɓangaren jikin da take yi wa aiki: tsokokin da take kai wa umarni, da fatar da take kwaso wa ji. Idan wani abu ya danne saiwar a bakin ƙofa, ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin a wurin da aka danne kaɗai, tana jinsa har can inda jijiyar ta ƙare. Shi ya sa mutum zai riƙa murza sharaɓarsa da man zafi wata da watanni, alhali abin yana ƙugu.

Manomin rani a Goronyo ko Wurno ya san wannan lissafi. In ya ga fangali ɗaya ya bushe sauran na shan ruwa, ba ya tonon fangalin, hanyar ruwan yake bi har ya kai inda ta toshe. Aikin likita ke nan a gwajin da za a yi bayani.

Abin da ya fi yawan danne saiwa shi ne guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya tsage ya bulluƙo, sai kuma ƙashin da ke tsirowa ya ƙuntata ƙofar idan shekaru sun ja. Tarin fuka na ƙashin baya, karaya da ƙari su ma suna yi.

Mene ne C6, L5 da S1 da nake gani a katina?

Sunayen saiwoyin ne. Jijiyoyin da ke fita daga laka 31 ne a kowane gefe: 8 a wuya, su ne masu harafin C, 12 a bayan ƙirji, masu T, 5 a ƙugu, masu L, 5 a faffaɗan ƙashin da ke ƙasan ƙugu, masu S, sai guda 1 a can ƙarshe. Ana ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa. Ƙasusuwan wuya 7 ne amma saiwoyinsa 8, domin ta farko tana fita ne tsakanin ƙoƙon kai da ƙashin farko.

Kowace jijiya da saiwa biyu take barin laka kafin su haɗe, ta gaba mai kai umarnin motsi, ta baya mai dawo da ji. Charles Bell na Birtaniya a 1811 da François Magendie na Faransa a 1822 su ake danganta gano wannan da su. Amfanin saninsa ga marar lafiya shi ne, ana iya samun mai zafi da sagewa ba tare da rauni ba, ana kuma iya samun mai rauni wanda zafinsa bai taka kara ya karya ba. Na biyun ya fi ba mu tsoro, don shi ne ba ya gaggawar zuwa asibiti.

Wace saiwa ke riƙe da wane motsi a hannu?

Da wuya a samu tsokar da saiwa ɗaya tak ke ɗauke da ita, yawanci biyu ne ko uku. Amma a kowane motsi akwai wadda ta fi rinjaye, ita ake gwadawa.

Ɗaga damtse gefe daga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, kamar kai loma baki, aikin C5 ne, C6 na taimaka mata. Mai raunin C5 shi ne zai ce ɗaga hannu don kabbara ya fara yi masa nauyi, ko mace ta ce ba ta iya kai hannu ta ɗaura kallabi. C6 ke ɗago wuyan hannu baya, irin murzawar da ɗan kabu-kabu ke yi idan zai ba mashin wuta. C7 ke miƙe gwiwar hannu, wato tsokar bayan damtse, wadda mutum ke dogara da ita idan ya dafa ƙasa zai tashi daga sujada. A wuya, C7 ce ta fi yawan dannuwa, sai C6. C8 ke damƙe yatsu kan ƙotar fartanya ko hannun bokiti. T1 kuma ita ke ware yatsu da haɗe su, ƙananan tsokokin da ke tsakanin ƙasusuwan tafin hannu. Idan ta daɗe da lalacewa za a ga bayan hannun ya yi ramuka. Tela da mai ɗinkin hula da baduku su suka fi saurin lura da wannan, domin allura ce ke fara gagarar su.

A ƙafa fa?

L2 ke ɗago cinya, kamar lokacin ɗora ƙafa za a hau mashin. L3 ke miƙe gwiwa. Mai rauninta zai ce gwiwar na cin amanarsa wajen sauka matakala ko tashi daga zaman tahiya. L4 ke ɗago ƙafa sama daga idon sawu. L5 ke ɗaga babban yatsa, tana kuma taimakawa wajen ɗago ƙafar da buɗe cinya gefe. S1 ke danna ƙafa ƙasa, ita ke sa mutum ya yi ɗage a kan yatsunsa.

A nan ne yawancin aikinmu yake, saboda kusan duk bulluƙowar guringuntsin ƙugu a matakai biyu na ƙasa take faruwa, tsakanin L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1. Nan ne nauyin jiki ke taruwa idan ɗan dako ya sunkuya ya ɗauki buhun albasa yana murɗa ƙugu. Galibi bulluƙowar da ke tsakanin L4 da L5 saiwar L5 take kamawa, ta ƙasanta kuma S1. Don haka in an ce ku yi taku kaɗan a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ba wasa ake yi da ku ba. An gwada saiwoyi uku ke nan kafin ku hau gado.

Tsokar sharaɓa tana da ƙarfin da hannun likita ba ya iya rinjayarta ko da ta yi rauni. Shi ya sa ake sa mutum ya dafa bango, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi ta ɗagawa a kan yatsu yana sauka. Ƙafar mai lafiya za ta yi ta yi, mai matsalar S1 kuwa za ta gaji tun da wuri, dunduniyar ta ƙi barin ƙasa.

Me ya sa likita ke cewa in ture shi, sannan ya rubuta 4/5?

Yana auna ƙarfin tsoka ne da ma'aunin da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta fitar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don duba sojojin da suka ji rauni a jijiya, har yau kuma shi ake amfani da shi. 0 na nufin ko motsi babu. 1, ana ganin tsokar na ɗan harbawa amma gaɓar ba ta motsa ba. 2, gaɓar na motsi idan an kwantar da ita yadda ba sai ta ɗaga nauyin kanta ba. 3, tana ɗaga nauyin kanta amma da an ɗan danna sai ta faɗi. 4, tana turjewa amma ana rinjayarta. 5, cikakken ƙarfi.

Abu biyu ke ɓata wannan gwaji a wurinmu. Na farko kunya. Dattijo zai ga likitan sa'ar ɗansa ne, ko mace ta ga namiji ne ke dubata, sai a tura a hankali don ladabi. Sai likita ya ce, "Baba, ture ni da ƙarfinka duka, kada ka tausaya mini," kafin a ga gaskiyar ƙarfin. Na biyu zafi: wanda motsi ke yi wa zugi zai saki tun tsokar ba ta gaza ba. In haka ne ku faɗa, domin sakin da zafi ya jawo daban yake da rauni. Kullum ana gwada gefe biyu a kwatanta, don ƙarfin maƙeri ba ɗaya yake da na malamin makaranta ba. Ma'aunin kowa ɗaya gefen nasa ne. Macen da ta fi son mace ta duba ta, ko a samu wata a ɗakin, haƙƙinta ne ta nema.

'Yar gudumar robar nan da ake buga gwiwa da ita, me take nunawa?

Idan aka buga ƙasan ƙoƙon gwiwa, saƙo na shiga laka ta saiwa ya dawo nan take ba tare da ya jira izinin ƙwaƙwalwa ba, sai ƙafar ta harba. Na gwiwa yana bi ta L3 da L4, na agara ta S1, na gaban gwiwar hannu ta C5 da C6, na bayanta ta C7. Idan saiwar ce aka danne, harbawar na raguwa ko ta ɓace a gefen. Idan kuwa laka ce kanta aka matsa a sama, harbawar ƙaruwa take yi, ƙafa ta yi tauri. A nan ake karce tafin ƙafa: in babban yatsa ya ɗago sama maimakon ya lanƙwashe, alamar da Joseph Babinski ya bayyana a 1896, to matsalar ta wuce saiwa, ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa. Jarirai ne kawai wannan ba ya zama laifi a wurinsu.

L5 ba ta da wurin bugawa mai sauƙi irin na sauran, shi ya sa ake matsa wa babban yatsa da gwaji.

An kwantar da ni an ɗaga ƙafata a miƙe, zafi ya tsarga har ƙasa. Laifi ne?

Abin da ake nema ke nan. Ɗaga ƙafa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba yana jan saiwoyin L5 da S1. In akwai abin da ya tokare su, zafin da kuka zo da shi zai sauka har ƙasa da gwiwa, yawanci tsakanin digiri 30 zuwa 70. Ɗaurewar bayan cinya kawai ba ta shiga lissafi, kowa na jin wannan. Idan aka ɗaga ƙafar mai lafiya amma zafin ya tashi a mai ciwon, hujjar ta fi ƙarfi. A wuya akwai makamancinsa: a karkatar da kai gefen ciwon a ɗan danna, a ga ko zafin zai sauka hannu. Wannan kam kada a gwada shi a gida.

Auduga da tsinken da ake taɓa fata da su fa?

Fata ma rabe take tsakanin saiwoyi. Babban yatsan hannu na C6 ne, na tsakiya C7, ƙaramin C8. Daidai kan nono T4, cibiya T10. Cikin ƙwauri L4, saman ƙafa zuwa babban yatsa L5, gefen ƙafa na waje da ƙaramin yatsa S1. Iyakokin suna shiga juna, don haka gwajin ji shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Amma idan rauni, bugun guduma da sagewar fata duk suka nuna saiwa guda, likita ya san inda zai duba.

Me zai hana a tura ni hoto kai tsaye a huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo ɓacin rai. Mutum ya taso daga Illela ko Tambuwal da kuɗin hoto a aljihu, an tattaɓa shi an ce ya je ya dawo bayan makonni, sai ya ga kamar an raina ciwonsa.

Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna jijiya, ba ya nuna guringuntsi. Yana da amfani in ana zargin karaya, gocewar ƙashi ko tarin fuka. Hoton MRI, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a kwance a ɗauka, shi ne ke nuna saiwa da abin da ya danne ta, amma shi kuma yana da tasa matsalar: mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba, in aka sa su a na'urar za a ga guringuntsi ya bulluƙo, abin kuma yana ƙaruwa da shekaru. Takardar sakamakon za ta lissafa matakai uku ko huɗu masu lahani, mai ita ya karanta hankalinsa ya tashi. Wanne ne a cikinsu ke jawo ciwon? Gwajin hannu ne ke faɗa. In hoto ya nuna bulluƙowa a dama, rauni kuma a hagu yake, ba a yi wa hoton tiyata. A ganina wanda aka karɓi takardarsa aka rubuta masa magani ba a ce ya cire takalmi ba, shi ya kamata ya yi ƙorafi, ba wanda aka gwada aka ce hoto bai zama dole yanzu ba.

Hoto na zama dole idan rauni na ƙaruwa, idan akwai alamun haɗari da za a ambata, ko idan an yi makonni ana magani babu sauƙi har ana tunanin tiyata.

Silifa na zare mini a ƙafa ɗaya ban sani ba, ƙafar kuma tana jan ƙasa. Baya ne?

Yana iya zama L5, amma ba dole ba. Akwai jijiyar da ke zagaya kan ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, fata kawai ke rufe da ita. Dogon tsugunno wajen dashe ko cirar albasa, harɗe ƙafa na sa'o'i, ko ɗaurin karaya da ya matse, duk suna iya danne ta, ƙafa ta saki. Ana rarrabewa da gwaji: in jijiyar gefen gwiwa ce, mutum na iya juya tafin ƙafarsa ciki da ƙarfi, cinyarsa ma na buɗewa gefe lafiya lau; in L5 ce, waɗannan ma sun yi rauni, galibi kuma da ciwon ƙugu.

Kuturta ma tana kama wannan jijiya da ta bayan gwiwar hannu, ta kumbura su, tare da tabo a fata wanda ba ya jin taɓi. Maganinta kyauta ne, asibitin Amanawa kuma ya daɗe da sanin wannan aiki. Ciwon suga kuwa ƙafafu biyu yake kamawa tare, daga yatsu yana hawa, ba ya bin layin saiwa guda.

Yara fa?

Jaririn da aka sha wahalar haihuwarsa, aka ga hannu ɗaya a sake a jikinsa, tafin na kallon baya, yawanci saiwoyin C5 da C6 ne suka jawu. Da yawa suna farfaɗowa da gashin ƙashi, amma a kai shi tun yana 'yan makonni, kada a jira ya fara zama.

Yaron da ƙafarsa ta saki bayan an yi masa allura a ɗuwawu, mai yiwuwa allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke bi ta wurin. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a son ana yi wa yara allura a ɗakin da ba na masu ilimin abin ba. Duk da haka, duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar. An tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta 2020, amma sa ido bai tsaya ba. Ana ɗaukar bayan gidan yaron sau biyu cikin kwana 14 da farawar abin don a gwada.

Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

A jikin babba laka tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Daga nan saiwoyi ne kawai ke sauka a dunƙule, abin da likitoci ke kira wutsiyar doki. A cikinsu akwai S2, S3 da S4, masu riƙe da mafitsara, dubura da al'aura. Idan babbar bulluƙowa ta danne su gaba ɗaya, fitsari zai ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya sage har mutum ya yi tsarki bai ji ruwan ba, ƙafafu biyu su yi nauyi. Wannan na tiyatar gaggawa ne, jinkirin kwanaki na iya barin mutum da robar fitsari har abada. Mun san maganar tana da nauyin faɗa, musamman gaban 'ya'ya ko suruki. A ce su ɗan fita, a gaya wa likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, can ake nufa.

Haka nan ciwon baya mai hana barci da dare, tare da zazzaɓi, zufa, rama, ko ƙusumbin da ya fara fitowa a tsakiyar baya: a nemi gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne, sai dai na ƙashi ya fi na huhu daɗewa.

Sai haɗarin hanya. Wanda ya faɗo daga mashin yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a cusa cikin Keke Napep. A kwantar da shi a kan abu mai tauri, ko ƙyauren ƙofa ne, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki har a isa. Saiwoyin C3, C4 da C5 su ke motsa babbar tsokar numfashi, karayar da ta goce a wurin tana iya tsayar da numfashi.

Ƙaho, tsaga da ɗori suna taimakawa?

Ƙaho da tsaga a fata suke tsayawa, saiwar kuwa tana can cikin ƙashi. Wanda ya ji sauƙi bayansu, mai yiwuwa lokacin sauƙin ne ya zo. Abin da muke roƙo shi ne kada a yi tsaga ko a gasa da wuta a fatar da ta sage, don mai ita ba zai ji ƙuna ba, gyambon kuma ba ya saurin warkewa. Taka baya da ja da ƙarfi a wurin mai ɗori haɗari ne ga wanda tarin fuka ya ci ƙashinsa ko yake da karayar da ba a gano ba. Magungunan kashe zafi da ake saya a kemis a yi ta sha wata da watanni su ma suna taɓa ciki da ƙoda.

Ƙarfin zai dawo kuwa?

Mafi yawan masu dannewar saiwa saboda guringuntsi suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin kumburin na sacewa, jiki kuma na shanye wani ɓangare na abin da ya bulluƙo. Kwanciya ta yini da yini ba ta taimakawa. Tafiya daidai gwargwado da motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koyar sun fi. In ruku'u da sujada na tayar da zafin, a yi salla a zaune kafin a samu sauƙi, sannan a ajiye ɗaukar kaya masu nauyi.

Zafi ne ke fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewar fata ita ke jimawa. Inda zaren jijiyar ya mutu sai ya sake tsirowa, a hankali yake yi, kusan milimita 1 a yini, don haka daga ƙugu zuwa tsokar ƙwauri aikin watanni ne masu yawa, wani lokacin kuma ba ya cika dawowa duka. Mai jan ƙafa ana yi masa takalmin roba mai riƙe idon sawu don kada ya riƙa tuntuɓe kafin nan. A duk zuwa asibiti za a maimaita gwajin a kwatanta da lambar da aka rubuta a baya, saboda haka a riƙa zuwa da katin. Wanda aka rubuta wa 4 ya ga yau ba ya iya ɗaga babban yatsan ko kaɗan, ya koma a ranar, kada ya jira ranar da aka ba shi.